Harshe da Jijiyoyinsa: Yadda Muke Jin Ɗanɗano, Taɓi, Zafi da Sanyi

 

Maganarmu ta yau a kan tsokar nan ce da ke kwance cikin bakin kowa, da yadda take sanar da mu abin da muka ci. A ce mutum ya ɗauki yankan tsire, ya dangwali yaji, ya jefa a baki. Kafin ya tauna sau biyu ya riga ya san gishiri ya ji, naman da ɗuminsa, ya yi laushi, barkonon ya yi yawa, kuma ga ɗan yashi ya shiga cikin garin ƙulin. Idan ka tambaye shi, cewa zai yi tsiren ya yi daɗi ko bai yi ba, shi ke nan. A wurin jiki kuwa labarai ne iri-iri, kowanne da jijiyar da ta ɗauke shi, kuma sai a cikin ƙwaƙwalwa ake haɗa su su zama abu guda. Ina so mu warware su ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya san yadda harshe ke kai labari zai san inda ya kamata ya gaskata shi da inda ake yi masa wayo.

Jijiyoyin da nake nufi su ne masu ɗaukar saƙo, ba na jini ba. Akwai guda goma sha biyu a kowane ɓangare na kai, dama da hagu, waɗanda suka fito kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kuma likitoci da lamba suke kiransu. Biyar daga ciki suna da hannu a sha'anin harshe, abin da ya isa ya nuna muku matsayin wannan 'yar tsoka. Ta goma sha biyu aikinta motsi kawai. Ita ke juya harshe wajen magana da tauna, shi ya sa likita kan ce wa wanda ake zargin ya samu shanyewar ɓarin jiki ya zaro harshe, ya duba ko ya karkace. Ta biyar ita ke ɗaukar taɓi, zafi, sanyi da raɗaɗi daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe. Ta bakwai, wadda ke motsa fuska, ita ke ɗaukar ɗanɗano daga wannan gaban. Ta tara ta riƙe bayan harshe, ɗanɗano da taɓi duka. Ta goma kuwa tana kula da can ƙasa wajen maƙogwaro.

Reshen jijiya ta bakwai yana da wata tafiya mai ban mamaki. Kafin ya isa ƙwaƙwalwa sai ya ratsa ta cikin kunne, ya gifta ta bayan dodon kunne, tsakanin biyu daga cikin 'yan ƙasusuwan nan uku da muke ji da su. Saboda haka mutumin da kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya, ko wanda aka yi wa aikin kunne, yakan wayi gari gefe guda na harshensa ya yi lami, ko ya riƙa jin kamar yana tsotsar ƙarfe. Ba sammu aka yi masa ba. A ƙasa kuma, kusa da turmin ƙarshe na haƙoran ƙasa, wannan reshe ya haɗu da na jijiya ta biyar suna tafiya tare. Idan mai cire haƙori bai san aikinsa ba ya ji musu rauni, ɗanɗano da taɓi na wannan gefen za su tafi lokaci guda. Wannan dalili ne babba na guje wa masu cire haƙori na bakin kasuwa.

Duk da haka da wuya ka ga mutumin da ya rasa ɗanɗano ƙurmus, domin jijiyoyi uku ne ke ɗaukarsa a kowane gefe. Binciken Linda Bartoshuk a Amurka ya nuna cewa idan aka kashe jin gaban harshe da allura, ɗanɗanon baya yakan ƙara ƙarfi, kamar dai dā na gaban ne yake danne shi.

Duk waɗannan saƙonni a gindin ƙwaƙwalwa suke fara sauka, wurin da ke kula da haɗiya da yawu da amai. Tun daga nan jiki yake yanke hukunci kafin hankali ya sani. Kun san yadda yawu ke tsinkewa idan aka lashi tsamiya, ko yadda zuciya ke tashi idan ƙwayar kulorokwin ta narke a baki. A shekarun 1970 wani masani a birnin Ƙudus mai suna Jacob Steiner ya riƙa ɗiga wa jarirai sabbin haihuwa ruwan zaƙi, na tsami da na ɗaci. Zaƙi ya sa suka saki fuska suna tsotsa, tsami ya sa suka tsuke baki, ɗaci ya sa suka wage baki suna turo harshe. Ba wanda ya koya musu. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin Steiner, shi ya sa wasu kan shafa abu mai ɗaci a mama idan an zo yaye.

Yanzu mu duba harshen kansa. 'Yan tuddan da kuke gani a madubi ba su ne masu ɗanɗano ba. Mafi yawansu ma, sirara masu sa harshe ya yi fari-fari, ba su ɗanɗana komai. Aikinsu riƙe abinci da taimakawa wajen jin laushinsa, kuma irinsu ne suka sa harshen saniya da na kyanwa kaushi. Masu ɗanɗano suna ɓoye ne cikin jajayen tuddan gaba, da ninkin gefe, da kuma manyan tuddai takwas zuwa goma sha biyu da suka yi sahu can baya. A cikinsu akwai 'yan ƙunshi da ido ba ya gani, ana ƙiyasta mutum yana da 2,000 zuwa 8,000, kowane ƙunshi da ƙwayoyin halitta 50 zuwa 100. Ƙwayoyin ba sa daɗewa. Cikin kwana goma zuwa mako biyu sababbi sun maye gurbinsu. Don haka wanda koko ya ƙona wa harshe da safe, 'yan kwanaki kaɗan zai dawo daidai.

Sharaɗin aikinsu shi ne danshi. Ku goge harshe da tsumma mai tsabta ya bushe, ku ɗora sukari. Ba za ku ji komai ba sai yawu ya dawo ya narkar da shi. Tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu shan wasu magunguna da ke busar da baki, yawancin kukansu na cewa abinci ba daɗi daga nan yake.

A kan kowace ƙwaya akwai wasu makarɓai na furotin. Ku ɗauke su kamar kwaɗo, sinadarin abinci kuma makulli: idan makullin ya dace, kwaɗon ya buɗe, ƙwayar ta aika wa jijiya saƙon lantarki. Zuwa yau masana sun tabbatar da ɗanɗano biyar. Huɗu kowa ya san su, zaƙi, gishiri, tsami da ɗaci. Zaƙi makarɓi iri ɗaya tak gare shi, shi ke karɓar zuma da rake da dabino. Kyanwa nata ya lalace tun asali, kamar yadda aka gano a 2005, don haka ba ta san zaƙi ba. Na tsami shi ya fi wahalar da masu bincike; sai a 2018 Emily Liman da abokan aikinta a Kalifoniya suka gano shi.

Ɗaci ne ya fi jan hankalina. Shi kaɗai makarɓai kusan 25 gare shi, domin dafin tsirrai iri-iri ne, kuma da yawansu ɗaci gare su. Rogo mai ɗaci misali ne na kusa: ɗacin alama ce ta guba, wadda sai an jiƙa an tace an shanya take fita. Mutane kuma ba ɗaya suke ba a nan. A 1931 wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont, Arthur Fox, yana zuba wani gari a kwalba sai ya tashi a iska. Abokin aikinsa ya koka da tsananin ɗaci, shi kuwa Fox bai ji komai ba. Daga baya aka gane gado ne. Saboda haka idan ɗanki ya tofar da gauta ko miyar shuwaka alhali yayansa yana sha, mai yiwuwa ba iyayi ba ne, abin da yake ji ya fi wanda kike ji. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, harshe yana sabawa, kamar yadda duk muka saba da goro.

Akwai wani zance da ya zauna mana a rai, wai duk abin da ya yi ɗaci magani ne. Wannan kuskure ne. Magunguna da yawa suna da ɗaci, gaskiya ne, amma a wurin jiki ɗaci gargaɗi ne. Wanda ya ɗirki jiƙon da bai san asalinsa ba don kawai ya ji ɗaci, ƙodarsa da hantarsa ya sa a caca. Sannan akasin haka ma ya tabbata, rashin ɗaci ba shaidar lafiya ba ce. Ruwan da ke ɗauke da kwalara garɗinsa ɗaya da mai tsabta. Gubar dalma da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta shiga bakinsu ne tare da ƙurar duwatsun zinariya, ba wani harshe da ya yi ƙorafi.

Na biyar ɗin shi ne ɗanɗanon romo. Wani farfesa a Tokiyo, Kikunae Ikeda, shi ya ware shi a 1908 daga romon wata ciyawar teku da Japanawa ke dafawa. Ya gano sinadarin gulutamet ne ke kawo shi, ya sa masa suna umami, shekara guda bayan nan kuma aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wato farin magin da ke kasuwanninmu. Turawa sun shafe shekaru da dama suna jayayya kafin su yarda, sai da aka gano makarɓinsa a farkon shekarun 2000. Mai yin daddawa ba ta jira su ba. Idan ta dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku, ƙwayoyin halitta masu ruɓar da ita suna farfasa furotin ɗin, gulutamet ya fito fili. Shi ne a busasshen kifi, a tumatir nunanne, har a nonon uwa. Ni a ganina abin tsoro a ɗunƙulen magi gishirin da ke cikinsa ne, wanda ake ƙara wa wani gishirin a tukunya.

Malaman makaranta, wannan taku ce. Akwai wani zane a littattafan kimiyya da ya raba harshe gida-gida, zaƙi a tsini, ɗaci a baya, tsami da gishiri a gefe. Asalinsa binciken wani Bajamushe ne, David Hänig, a 1901, wanda ya samu ɗan bambanci ƙalilan tsakanin sassan harshe. A 1942 Edwin Boring na Jami'ar Harvard ya sake zana sakamakon ta hanyar da ta kambama bambancin, masu rubuta littattafai suka yi ta kwafa. Virginia Collings ta sake gwajin a 1974 ta nuna duk inda ke da ƙunshin ɗanɗano yana jin kowane iri. Ba kwa buƙatar ɗakin gwaji. Ku sa gishiri a tsinin harshe yau da dare ku gani. A daina kayar da yara jarrabawa a kan abin da bakinsu ke ƙaryatawa.

Na san wani zai ce, ina yaji? Malaman likitanci na dā da suka yi rubutu da Larabci sun lissafa ɗanɗano tara, har da yaji da bauri da maiƙo. Sun yi gaskiya cewa baki yana jin su, sai dai hanyar da suke bi daban ce. Yaji ba ya bi ta ƙunshin ɗanɗano ko kaɗan. Jijiya ta biyar ke ɗaukarsa, ita da ke kai labarin ƙuna. Hujja a kusa take: sukari a ido ba ya zaƙi, amma barkono a ido kowa ya san abin da yake yi.

A 1997 David Julius a San Faransisko ya gano makarɓin da sinadarin barkono, kafsaisin, yake buɗewa, wanda ake kira TRPV1. Da suka gwada sai suka ga ainihin aikinsa jin zafi ne, yana buɗewa da zarar ɗumi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, daidai inda zafi ke fara zama ciwo. Attaruhu ƙarya yake yi wa jijiya, yana ce mata wuta ta kama alhali ba abin da ya ƙone. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da hanyar tantancewa, sai ta tura gumi da hawaye da majina. Citta da masoro ma wannan makarɓin suke taɓawa, kuma da irinsu da kimba kakanninmu suka yi yaji kafin barkono ya iso daga nahiyar Amurka bayan 1492. Tsuntsaye makarɓinsu ba ya amsa wa kafsaisin, don haka suke cin barkono hankali kwance su yaɗa irinsa. Idan yaji ya kama ka, ruwa ɗan sauƙi na lokaci kawai zai ba ka, domin kafsaisin a mai yake narkewa. Kurɓi nono ko kindirmo. Wanda ya saba cin yaji kuwa, jijiyoyinsa ne suka gaji da amsawa, ba wata jarumtaka ba ce.

Sanyi ma haka. A 2002 Julius, da wani masanin mai suna Ardem Patapoutian, kowa a nasa ɗakin gwajin, suka gano TRPM8, wanda ke buɗewa idan ɗumi ya sauka ƙasa da kamar digiri 25, kuma mentol na na'a-na'a yana buɗe shi. Shi ya sa ruwan randa kan zama kamar na ƙanƙara bayan ka sha alewar Tom Tom. Kanumfari nasa aikin kashe jijiyar ne na ɗan lokaci. Masu sa shi a haƙori mai ciwo ba su yi ƙarya ba, likitocin haƙori ma suna amfani da mansa, amma raɗaɗin kawai yake ɗaukewa, ramin yana nan. Baurin goro da na ɗanyen mangwaro kuma taɓi ne. Sinadaran da ke cikinsu suna kama furotin ɗin da ke sa yawu santsi, sai harshe ya riƙa gogar dasashi da ganɗa kai tsaye.

A fagen taɓi harshe ba shi da na biyu. Tun a shekarun 1830 Ernst Weber a Jamus ya riƙa ɗora tsini biyu a sassan jiki yana matso da su har mutum ya ji kamar ɗaya ne. A gadon baya sai an raba su da santimita da yawa kafin a ji biyu. A tsinin harshe milimita ɗaya ko kusa da haka ya isa, ya fi kan yatsa. Da wannan muke tsamo ƙayar kifi da tsakuwar shinkafa, muke gane tuwon da ya yi gudaji, muke jin yauƙin kuɓewa da karkashi. Shi ya sa kuma ɗan ramin haƙori kan zama ƙato a harshe, ka duba madubi ka ga ɗan mitsitsi. Makarɓan da ke jin dannawa, Piezo1 da Piezo2, Patapoutian ne ya gano su a 2010. Haifaffen Bairut ne da ya yi hijira zuwa Amurka yana saurayi lokacin yaƙin basasar Labanan, kuma shi da Julius suka raba kyautar Nobel ta likitanci a 2021. Alarammomin da ke nan su lura: mafitar haruffa da kuke koya wa almajirai da wannan taɓin take tabbata, domin yaro da ji yake sanin inda harshensa ya sauka. Wanda aka yi wa allurar haƙori harshensa yana motsi sarai, amma maganarsa takan kwaɓe saboda ba ya jin inda ya taɓa.

Waɗannan hanyoyi suna shiga gonar juna. Ƙwayoyin da ke jin zaƙi sun fi aiki da ɗumi, shi ya sa lemon kwalba da ya huce yake gundurar mutum da zaƙi, mai sanyi kuwa ya wuce salin-alin da sukarinsa cif. Mai haɗa zoɓo ta ɗanɗana shi kafin ta sa ƙanƙara, in ba haka ba za ta zuba sukari fiye da kima. Hanci kuma yana da kaso mai tsoka. Idan muna tauna, ƙamshi yana haurawa ta bayan ganɗa ya isa makarɓan hanci kusan 400. Bambancin miyar kuka da miyar taushe galibinsa can ake jinsa. Mai mura yana jin gishiri da zaƙi, ƙamshin ne ya toshe, kuma cutar korona ta koya wa duniya wannan a 2020.

Masu shan shayi, a 2016 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar maƙoshi. Harshe yana fara kuka tun daga 43. Mu ne muka koya masa yin shiru, muna kurɓa muna hura iska. Ku bar kofin ya huce minti kaɗan.

Gishiri ma sabo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin magi da burodi. Hawan jini ya cika gidajenmu. Idan uwargida ta riƙa ragewa sannu a hankali ba tare da shela ba, cikin makonni ko 'yan watanni harsunan gidan za su sauko, har miyar dā ta koma musu ta yi gishiri.

Roƙona na ƙarshe, ku riƙa duba harshenku a madubi da safe. Idan ya yi sumul ya yi ja yana zafi, ana iya samun ƙarancin jini ko na bitamin B12, musamman ga masu juna biyu. Idan kun ji ɗanɗanon ƙarfe kuna shan Flagyl, ku ƙarasa maganinku, zai wuce. Amma gyambo ko farin tabo da ya haura mako uku bai warke ba, ko gefen harshe ya mutu ba dalili, musamman ga mai shan taba, a tafi asibiti. Idan kuma harshe ya karkace farat ɗaya, magana ta sarƙe, baki ya jirkice, kada a tsaya shafe-shafe a gida, a ɗauki mutum zuwa asibiti a wannan sa'ar.